Garuruwan da Suka Koya Mana Gargaɗi

Duk ƙa'idar da muke bi a aikin gargaɗin mahaukaciyar guguwar teku, in ka tona ƙarƙashinta za ka tarar da sunan wani gari. Abin da ya sa ba a yarda wani ofishi ya danne hasashen wani, abin da ya sa ake nanata wa mutane kada su fito idan iska ta lafa farat ɗaya, abin da ya sa ake tanadar bas-bas domin marasa mota da tudu domin shanu, kowanne akwai garin da ya biya kuɗinsa da rayukan mutanensa. Shi ya sa idan aka tura ma'aikacin hasashen yanayi kwas a kan guguwa, kafin ya ƙware a lissafi an riga an cika masa kunne da Galveston da Bhola da New Orleans. Haka aka yi mana, mu da muka fara aikin a tashoshin Sahel muna sakin balan-balan ɗin awon sama, daga baya muka zauna gaban waɗanda suka tsufa suna bin sawun guguwa a Tekun Atlantika. Abin da na ɗauko daga bakinsu shi ne sana'ar nan ta yi kusan shekara ɗari tana neman ido. Da ta samu, sai ta tarar ashe rabin aikin ta yi.

Zamanin kallon sama

Uban sana'ar wani limamin Kirista ne ɗan Sifaniya, Benito Viñes, wanda aka ba riƙon ɗakin awon yanayi na kwalejin Belén da ke Habana, babban birnin Kuba, a 1870. Kayan aikinsa ma'aunin nauyin iska ne, da littafin rubutu, da idanunsa. Ya lura cewa kwanaki kafin guguwa ta iso, teku kan fara turo dogayen igiyoyi masu tazara ko da babu iska. Siraran gizagizai farare kuma kan bazu can ƙololuwar sama daga kusurwa guda, kuma a wannan kusurwar cibiyar guguwar take. Idan ta wuce yakan bi sawunta, yana duba inda itatuwa suka kwanta, yana tambayar matuƙan jiragen ruwa abin da suka gani. A Satumban 1875 ya aika wa jaridun Habana gargaɗi tun guguwa ba ta iso ba, ta kuwa zo. Kafin rasuwarsa a 1893 ya kafa masu lura a tsibiran Karebiyan da ke aiko masa rahoto ta wayar tangaraho, ya kuma bar magada.

Magadan nan ne aka toshe wa baki a 1900. Amurka ce ke riƙe da Kuba a lokacin, bayan yaƙinta da Sifaniya, shugabannin hukumar yanayi ta Amurka kuma, ƙarƙashin Willis Moore, suna kallon masanan Kuba a matsayin masu zuzuta magana da tsorata jama'a. Aka hana aika hasashensu ta tangaraho. Da wata guguwa ta ratsa Kuba a farkon Satumba, masanan Habana suka ce ta nufi cikin Tekun Meziko, Washington ta ce za ta karkata arewa maso gabas ta bi ta Florida. Ranar 8 ga wata ta sauka a Galveston, jihar Texas, birni mai mutum kusan dubu 37 a kan tsibirin yashi wanda mafi tudun wuri a cikinsa bai kai mita 3 ba. Teku ya yi toroƙo sama da mita 4, ya haye tsibirin. Waɗanda suka mutu tsakanin dubu 6 ne da dubu 12. Babban jami'in yanayi na garin, Isaac Cline, wanda a 1891 ya rubuta a jarida cewa guguwa ba za ta iya yi wa Galveston mummunar ɓarna ba, ya rasa matarsa a cikin ruwan. Daga 1902 aka soma gina wa birnin ganuwa mai tsayin kusan mita 5 a bakin teku, aka ɗaga gidaje aka ɗura yashi a ƙarƙashinsu.

Darasi na gaba daga Mayami ya zo, a Satumban 1926. Tsakiyar guguwa akwai fili da muke kira ido, inda iska ke kwantawa, har rana ta leƙo. Yawancin mazauna Mayami a lokacin baƙi ne da ba su taɓa ganin guguwa ba. Da idon ya iso suka ɗauka an gama, suka fito tituna, wasu suka hau mota suka nufi gada. Jami'in yanayi na garin, Richard Gray, da kansa ya fito yana kururuwar a koma ciki. Bayan kamar rabin awa iskar ta dawo ta ɗaya gefen da ƙarfinta. Shekara biyu bayan haka wata guguwar ta kora ruwan tafkin Okeechobee ya haye jingarsa, ya kashe aƙalla mutum 2,500, galibinsu baƙaƙen fata 'yan ƙwadago a gonaki. A 1935 kuma, a tsibiran Florida Keys, jirgin ƙasan da aka aika ya kwashe tsofaffin sojojin da ke aikin hanya ya makara, ruwa ya tuntsurar da taragunsa, sama da mutum 400 suka hallaka.

A shekarar 1935 ɗin ne aka raba aikin gargaɗi daga Washington zuwa ofisoshin da ke kusa da teku. Wanda ya zama fuskar aikin shi ne Grady Norton, da ya koma Mayami da ofishinsa a 1943. Malamanmu kan ambace shi saboda magana yake yi a rediyo da harshen da mai kamun kifi zai gane. Ya rasu a 1954 yana tsakiyar bin guguwar Hazel.

Da ido ya samu

Ranar 27 ga Yulin 1943 wani matuƙin sojan saman Amurka, Joseph Duckworth, ya kutsa da ƙaramin jirgin koyon tuƙi cikin guguwar da ke gaɓar Texas, ya shiga idonta ya fito lafiya. Daga nan aka samu 'yan farautar guguwa. Har yau jiragensu kan tashi daga Biloxi a jihar Mississippi da kuma Florida, su ratsa katangar idon a tsayin kusan mita dubu 3, suna sakin 'yan na'urori masu lema da ke aiko da awon nauyin iska da zafi da laima da gudun iska har su faɗa teku. Aikin ba wasa ba ne: a 1955 wani jirgin sojan ruwa ya shiga guguwar Janet da mutum 11, ba a sake ganinsa ba.

A 1953 aka fara raɗa wa guguwa sunayen mata domin sauƙin sanarwa, a 1979 aka haɗa da na maza, wadda ta yi mummunar ɓarna kuma akan ajiye sunanta ba a sake amfani da shi. A Afrilun 1960 aka harba TIROS-1, tauraron ɗan'adam na farko da ya yi nasarar aiko da hotunan gizagizai. A shekarun 1970 Vernon Dvorak ya tsara hanyar ƙiyasta ƙarfin guguwa daga surar gajimarenta a hoto, kuma da ita ake dogaro a Tekun Indiya da sauran wuraren da jirage ba sa shiga a kai a kai.

Hotunan nan ne suka fito da abin da ya haɗa mu da mutanen Florida. Hadarin gabas da ke taso mana da ƙura kafin ruwa a damina, yawancinsa yana tafiya ne a kan wata igiyar iska da ke tasowa daga wajen tsaunukan Habasha da Darfur, ta ratsa Chadi da Nijar da arewacin Najeriya da Mali, ta faɗa Atlantika ta gaɓar Senegal da Gini. Kowane kwana uku zuwa biyar wata na wucewa, kimanin 60 a shekara. Mafi yawansu kan mutu a teku, musamman idan busasshiyar iskar Sahara mai ƙura ta shaƙe su. Amma wadda ta tarar da ruwan teku mai ɗumin digiri 26 zuwa sama, da iskar sama da ba ta yayyaga ta ba, tana iya fara juyawa a kusa da tsibiran Cape Verde. Mafi yawan manyan guguwoyin Atlantika daga nan asalinsu yake, har da Andrew da ta ragargaza kudancin Florida a 1992. Saboda haka ne aka kafa hedikwatar babban binciken GATE a Dakar a 1974, aka kuma girke rada a Yamai a 2006 domin shirin AMMA. William Gray na jami'ar jihar Colorado, wanda ya fara hasashen kakar guguwa a 1984, ya nuna cewa a shekarun farin Sahel manyan guguwoyi sun ragu a gaɓar Amurka. Ma'aikacin da ya saki balan-balan da asuba a Yamai, awonsa na shiga kwamfutar da za ta ce wa wani gari a Karebiyan ya shirya.

Ruwa ne ke kisa

Samun ido bai hana mutuwa ba. A Yunin 1957 an ga guguwar Audrey, an yi gargaɗi, amma mutanen gundumar Cameron a Louisiana da dama suka loda kaya suka kwanta da niyyar tashi da safe. Guguwar ta ƙara sauri cikin dare, ruwa ya rufe hanyoyi kafin gari ya waye, sama da mutum 400 suka mutu. Shekara huɗu bayan haka, da Carla ta nufo Texas, wani matashin ɗan jarida, Dan Rather, ya sa aka ɗora taswirar gaɓar a kan hoton rada aka nuna a talabijin. Mutane suka ga girmanta da idonsu, dubban ɗaruruwa suka tashi, waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba.

Bayan Camille ta 1969, wadda ta tara ruwa sama da mita 7 a Pass Christian, injiniya Herbert Saffir da shugaban cibiyar guguwa ta Mayami, Robert Simpson, suka fito da sikelin mataki biyar: na ɗaya daga gudun kilomita 119 a awa, na biyar daga 252. Simpson ya san abin a jikinsa, don yana ɗan shekara shida ya tsira daga guguwar Corpus Christi ta 1919. Sikelin ya shiga bakin kowa, kuma a nan matsalarsa take, domin iska kaɗai yake aunawa. Binciken cibiyar kan mace-macen shekara hamsin, daga 1963 zuwa 2012, ya nuna kusan tara cikin goma ruwa ne ya kashe su, kusan rabi kuma toroƙon teku ne. Ruwa mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi nauyinsa tan guda ne, to ina ga mita huɗu yana tafe ɗauke da motoci da katako. Guguwa mai mataki na biyu, in tana da faɗi kuma gaɓar ba ta da zurfi, tana iya fin ta huɗu tara ruwa. Sai a 2017 aka fara fitar da gargaɗin toroƙo daban da na iska. Masu aikin suna da magana guda da suke koya wa jama'a: ruwa guje masa ake yi, iska kuwa ɓuya ake yi mata.

Darasin talakawa

Rabin aikin na biyu a ƙasashe matalauta aka fi koyon sa. A Nuwamban 1970 tauraro ya ga guguwar da ta nufi tsibirin Bhola a Gabashin Pakistan, an kuma yi sanarwa a rediyo, amma mutanen tsibiran ba su gane girman abin ba, kuma babu tudun da za su hau. Aƙalla mutum dubu 300 suka mutu. Bayan ƙasar ta zama Bangladesh, ƙungiyar agaji ta Red Cross ta kafa shirin 'yan sa-kai a 1972, gwamnati ta shigo a 1973. Tsarin ba shi da wuya: saƙo ya fito daga Dhaka ta rediyo, ɗan sa-kai na ƙauye ya ɗaga tuta, ya hau keke da lasifika ya bi gida gida, masallatai su maimaita.

Duk da haka guguwar Afrilun 1991 ta kashe kusan dubu 140, kuma da aka duba gawarwaki mata da yara sun fi yawa nesa ba kusa ba. Da aka bi ba'asi sai aka ji dalilan da babu su a taswira. Mace ba ta fita ba saboda maigida ba ya nan balle ya ba da izini. Wata ta ƙi kwana a cunkushe da maza a mafakar da ba ta da bayan gida na mata. Magidanci ya ƙi barin saniyarsa, don ita ce duk dukiyarsa. Wani an taɓa tashinsa a banza, ya dawo ya tarar an yi masa sata. Kowane dalili aka nemo masa amsa. Aka gina dubban mafaka a kan ginshiƙan kankare, waɗanda makarantu ne a sauran kwanaki. Aka tara tudun ƙasa domin dabbobi. Aka shigar da mata cikin 'yan sa-kai, waɗanda yanzu sun haura dubu 70, kusan rabinsu mata. Sidr ta 2007 ta kashe mutum dubu uku da ɗoriya, Amphan ta 2020 kuwa, da aka kwashe sama da miliyan biyu, mamatan Bangladesh ba su wuce 'yan gomomi ba. Jihar Odisha ta Indiya ta bi sahu: kusan dubu 10 a 1999, ƙasa da 50 a Phailin ta 2013.

Kuba ma bayan Flora ta 1963, da ta kashe mata sama da mutum dubu, ta gina nata tsarin. Kowace unguwa na da jerin tsofaffi da masu ciki da marasa lafiya, an san wanda zai ɗauki kowa da gidan da zai sauka, kowace shekara kuma akwai atisayen Meteoro. Da Ivan ta gitta a 2004 an kwashe kusan miliyan biyu, ba a rasa rai ba. Akwai ikon gwamnatin da ba a yi wa musu a ciki, amma akwai kuma yarda, domin jama'a sun saba jin José Rubiera yana yi musu bayani dalla-dalla a talabijin.

New Orleans da Houston

Katrina ce ta nuna cewa arziki ba ya maye gurbin wannan aikin. Ta fuskar hasashe an yi abin a yaba: fiye da kwana biyu kafin saukarta layin hasashen hanyarta yana kan kudu maso gabashin Louisiana. Daren Asabar shugaban cibiyar Mayami, Max Mayfield, ya ɗauki waya ya kira gwamna da magajin garin New Orleans da kansa, amma umarnin tashi na dole bai fito ba sai safiyar Lahadi. Ranar Litinin 29 ga Agustan 2005 jinga ta ɓalle a wurare da dama, kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin ya nutse. Mafi yawan mutane sun fita. Waɗanda suka rage su ne marasa mota, da tsofaffi, da masu jiran kuɗin ƙarshen wata, da waɗanda aka ce ba za a karɓe su da karnukansu ba. Alƙaluman cibiyar da aka sabunta sun ce mutum 1,392 suka mutu, galibin na Louisiana tsofaffi ne. Tsarin kwashe jama'ar an gina shi ne a kan zaton kowa na da mota da kuɗin otal.

Kafin wata ya cika Rita ta nufo Texas, tsoron Katrina ya sa miliyoyi suka fito daga Houston da kewaye lokaci guda, har da waɗanda ruwa ba zai kai gare su ba. Motoci suka tsaya cak a kan hanya cikin zafi, mai ya ƙare, wata bas ɗauke da tsofaffi ta kama wuta kusa da Dallas ta kashe sama da 20. Waɗanda suka mutu a gudun sun kai kusan ɗari, sun fi waɗanda guguwar ta kashe kai tsaye. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Tun daga nan ake raba gari shiyya shiyya bisa zurfin ruwan da ake tsammani, a ce wa wasu su tashi, a ce wa wasu su zauna su bar wa na bakin teku hanya.

Inda muke yanzu

A yau idan guguwa ta taso, sanarwa na fitowa daga Mayami kowane awa shida. Mai hasashe na zaune gaban layukan da kwamfutoci daban-daban suka zana, a cukurkuɗe kamar taliya, ga rahoton jirgi na shigowa, ga jami'an agaji a kan waya suna jiran ya ce wani abu da za su rufe makarantu a kansa. Saura awa 48 ake cewa a zauna cikin shiri, saura 36 a fitar da cikakken gargaɗi. Kuskuren hasashen hanya ya ragu da fiye da rabi tun 1990. Sai dai zanen mazurarin nan da ake nunawa a talabijin yana ruɗin mutane: inda cibiyar za ta iya bi yake nunawa, sau biyu cikin uku take zama a cikinsa, ɓarna kuwa ba ta san iyakarsa ba.

Shawarar da ake ba magidanci ba ta da ƙawa. Ruwan sha kamar lita huɗu ga kowane mutum a kowace rana, na kwanaki, magunguna, tsabar kuɗi, don na'urar banki ba ta aiki babu wuta, takardu a leda, katako a kan taga, domin manna salatif ba ya tsinana komai. Janareta kuma a waje, nesa da taga, saboda hayaƙinsa na kashe iyalai bayan guguwa ta wuce. Mutuwar bayan guguwa ce muka daɗe ba mu ƙirga: a Puerto Rico, bayan Maria ta 2017, binciken jami'ar George Washington ya ƙiyasta mutum 2,975 ne suka mutu cikin watannin da asibitoci da gidaje suka yi babu wuta.

Abu biyu ne suka rage mana. Na farko guguwar da ke ƙara ƙarfi farat ɗaya: Otis ta tashi daga matsakaiciyar iska zuwa mataki na biyar cikin kusan kwana guda, ta faɗa wa Acapulco a Oktoban 2023 kafin a gama shiri. Wannan aikin masana lissafi ne da masu jirage. Na biyu shi ne tazarar da ke tsakanin ofis da ƙofar gida. Idai ta 2019 an hango ta kwanaki kafin ta isa Beira, amma sama da mutum dubu suka mutu a Mozambik da Zimbabwe da Malawi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki alkawari a 2022 cewa kafin ƙarshen 2027 kowa a duniya zai kasance ƙarƙashin tsarin gargaɗi. Rada da kwamfuta da kuɗi ake sayensu. Jerin sunayen tsofaffin unguwa, da wanda zai ƙwanƙwasa musu ƙofa, da inda za a ɗaure awakinsu, waɗannan sai an zauna da mutane tun sama na garau. Shi ya sa idan ƙaramin ma'aikaci ya kawo mini hasashe yana murnar layinsa ya yi daidai, tambayar da nake yi masa ita ce wa zai kai saƙon, da wane harshe, kuma in sun ji ina za su je.